Mukullin da Baffa Ya Hana

Motar kaya ta fi awa biyu tana tsaye a ƙofar benen, direba sai tsaki yake ja yana duba agogo, hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin. A bayan motar gado ne da katifa biyu da tukwane da keken ɗinki, a gefen titi kuma Inna ce zaune a keken guragu, rabin jikinta a shanye, an yafa mata zane a kafaɗa. Auta ta kira wayar Baffa sau ba adadi, tana shiga ba a ɗauka. Ga ƙofar fulat ɗin da ta saya nan a gabanta, a hawan ƙasa, ɗaki biyu da falo, amma wani ƙaton kwaɗo ne sabo fil rataye a jiki. Wayyo, baiwar Allah! Da safiyar nan ta miƙa wa mai gidan hayarsu mukullinsa, ba su bar layin ba sababbin 'yan haya suka fara shigar da kaya...

Auta mai ɗinkin labule ce, marainiya tun tana 'yar shekara tara. Shekara goma sha huɗu ta yi tana taka keke, tana hana cikinta tana hana jikinta, burinta ɗaya ne a duniya, ta sama wa mahaifiyarta ɗakin da ba mai ƙwanƙwasa musu ƙofa ya ce su tashi. A hawa na uku suke haya, tun da ciwon shanyewar jiki ya kama Inna kuwa, shekara biyu cur ba ta sauko ƙasa ba. Shi ya sa da Baffa, yayan mahaifinta, ya ce zai sayar da fulat ɗinsa ya koma wurin ɗansa tunda matarsa ta rasu, Auta ta ga kamar addu'arta ce aka amsa. Ta kwashe duk abin da ta tara ta ba shi. A ofishin lauya aka rubuta ciniki, da aka zo kan ranar miƙa mukulli da takardar mallaka, lauya ya ɗaga biro yana jiran a faɗa masa, sai Baffa ya ɓata fuska ya ce, "Yanzu 'yar ƙanena ce za ta yanka mini rana a takarda? Ƙarshen wata na ce, ko maganata ba ta isa ba?" Dama kafin ta fito Inna ta ja mata kunne, ta ce kada ta kuskura ta ɗaure ubanta da rubutu. Auta ta sunkuyar da kai ta ce a bar wurin haka. Lauya ya dube ta, ya sake dubanta, ya bar layin ba komai. Kaico! Da ta san abin da wannan kunya za ta jawo mata, da ta ɗaga kai ta yi magana.

Sai da aka fara yayyafi Baffa ya iso, yana tafe yana sakace haƙori. Auta ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baffa ina wuni? Mun iso tun ɗazu, ga Inna ruwa zai taɓa ta, a taimaka a buɗe mana."

Ko kallon Inna bai yi ba. Ya ce, "A buɗe muku? Ashe ba ki da kunya! Ranar da na ba ki mukulli kika shiga awon tagoginki, wa ya buɗe durowar marigayiya? Akwatin sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal yana ina? Ke kaɗai kika shiga gidan nan. Wallahi sai ya fito kafin ki taka ƙofar nan, in kuma ba za ki iya jira ba, a warware ciniki, in riƙa biyan ki a hankali in na samu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baffa, ni? Ni ce ɓarauniya? Wallahi tef ɗin awona kaɗai na shiga da shi, shi na fito da shi..." Maƙwabta sun leƙo ta tagogi, direba ya ce shi fa yana da wani aikin. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, harshen ya ƙi juyawa, sai hawaye ke bin gefen fuskarta da ya karkace. Haka aka juya motar cikin ruwa aka nufi shagon Auta, aka jibge kayan a bayan teburin yanka, ta rataya ragowar yadi ta raba shagon biyu, nan ya zama ɗakinsu.

Bayan kwana uku aka tara dangi a falon Goggo, babbar yayar su Baffa. Kai, mutane ba su da tsoron Allah! Waɗanda Auta ta ɗinka wa labule kyauta, waɗanda ta yi jinyar 'ya'yansu, su ne suka zauna suna girgiza kai ana cewa dama tarbiyyar mace ita kaɗai sai a hankali. Baffa har da matse hawaye, wai kayan tunawa da matarsa ne. Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, fito da shi a rufa asiri, shaiɗan ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa." Auta ta rantse har ta gaji, ba wanda ya ce mata ko sannu. Da ta koma wurin lauya ya ce kotu ce kawai mafita, amma Inna ta riƙe mata hannu da hannunta mai lafiya, ta haɗa kalmomi da ƙyar ta ce, "Kada ki kai ubanki ƙara... ki bar wa Allah." Ta bar wa Allah ɗin. Sati bai zagayo ba ciwon ya sake bugun Inna a bayan labulen nan, aka kwashe ta sai asibiti. Ta tashi, amma ba duka ta dawo ba, wani lokaci ta gane 'yarta, wani lokaci ta kira ta da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa.

Wata huɗu suka yi a haka. Auta ta rame ta yi baƙi, masu kawo ɗinki suka ragu don zancen sata ya zaga layin, wasu in sun shigo sai ka ga sun ƙanƙame jaka. Tana taka keke tana share hawaye kada su ɗiga a yadin mutane. In ta idar da salla ba ta roƙon komai sai abu ɗaya, "Ya Allah, Kai ne shaidata. Kada Ka ɗauki ran Inna a bayan shago, Ka sa ta kwana a ɗakinta ko da sau ɗaya ne."

Wata ranar Laraba da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mai fara'a da yawan magana. Ta ce an yi mata kwatancen shagon ne, labule take so na sabon gidan da za ta saya, ta miƙo takarda mai ɗauke da awon tagogi. Auta ta karɓa ta ɗauki alli. Tagar falo, faɗi inci casa'in da huɗu, tsawo a dama sittin, a hagu hamsin da takwas... Allin ya tsaya cak. Duk mai ɗinkin labule ya san taga kamar yadda ake sanin fuskar mutum, ita kuwa a duk shekarunta taga ɗaya ta taɓa aunawa da magini ya karkatar haka. Ta duba na ƙasa, ga 'yar tagar kicin da aka rubuta cewa bututun ruwa ya ratsa ta sama. Auta ta ɗago ta dubi dattijuwar.

"Malama, don Allah gidan nan a hawan ƙasa yake? Mai gidan wani dattijo ne da matarsa ta rasu?"

"Shi fa! Kin san shi? Mutumin kirki, sai dai son kuɗi. Na ba shi kafin alƙalami, jibi za mu ƙarasa. Ya ce wata 'yar ƙanensa ce ta so ta ƙwace gidan, har sata ta yi masa, Allah Ya shirya. Ni dai na ce masa, to ai ka gode Allah da ba ta ga gwala-gwalan ba, don makon jiya ya buɗe durowa ya nuna mini akwatin sarƙar matarsa, wai in haɗa da su in ina so..."

Auta ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa, ta fashe da wani irin kuka mai cin rai. Ta miƙa hannu ta yaye yadin da ya raba shagon. Malama ta ga tsohuwa kwance a katifa tsakanin tukwane da ƙunshin kaya. Auta ta jawo takardar cinikinta daga ƙarƙashin keke ta miƙa mata ta ce, "Ni ce 'yar ƙanen nasa, Malama. Ni ce ɓarauniyar."

Malama ta karanta takardar tsaf, ta cire tabarau ta goge idonta. Fara'ar nan ta ɗauke. Ta ce, "Ke baffanki ne, kina jin nauyinsa. Ni ba abin da na haɗa da shi. Share hawayenki, 'yata."

Ranar da aka sa za a ƙarasa ciniki, Baffa ya sha babbar riga ya zo fulat ɗin yana washe baki, sai ya tarar da Malama da lauya da 'yan sanda biyu, ga kuma Goggo da Malama ta je har gida ta ɗauko. Aka ce ya buɗe durowa. Ya ce mukullin ya ɓata, ya ce kansa na ciwo, ya ce a bari sai gobe, daga ƙarshe dai aka ɓalle ta a gabansa. Ga akwati nan a ƙarƙashin zannuwan marigayiya, ko ɗan kunne ɗaya bai yi ciwon kai ba! Ashe farashi mai tsoka ya samu bayan ya karɓi na marainiya, shi ne ya ƙulla mata sharri don ta haƙura ta janye. Goggo ta ɗora hannu a ka tana salati, ta ce, "Ka cuce mu, ka sa mun ci naman 'yar ƙanenmu ɗanye!" A ofishin 'yan sanda ya sa hannu a takardar mallaka, daga nan aka wuce da shi kotu kan damfarar Malama. Ɗan nasa da zai koma wurinsa ya aiko cewa kada ya nufo masa gida. Da za a fita da shi ya waiwayo ya ce, "Auta, ki sa baki, ni ubanki ne." Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko a rayuwarta, ta ce, "Ni na yafe nawa, Baffa. Na Inna kuwa, ba ta cikin hayyacin da za ta yafe maka."

Dangi suka yi ta zuwa neman gafara, har da masu kama mata jidar kaya. Aka share gida aka wanke, aka turo keken Inna ta ƙofar da ba matakala ko ɗaya, aka kwantar da ita a ɗakin da rana ke shiga da safe. Auta ta durƙusa za ta kwance ƙunshin kayanta ta jera a durowa, sai Inna ta damƙe ƙunshin ta rungume a ƙirji, idanunta a zazzare suna duban ƙofa.

"Kada ki kwance... mai gidan zai zo ya ce mu tashi."

"Inna, ba mai zuwa. Gidanki ne, ke ce mai gidan."

Inna ta girgiza kai. Washegari ma haka, jibi ma haka, kullum aka taɓa ƙofa sai ta zabura ta lalubi ƙunshinta. Auta takan fita falo ta toshe baki ta yi kuka, tana cewa da ma ta ɗaga kai a ofishin lauya, da ma ta yi rashin kunyar minti ɗaya, da Inna ta shigo gidan nan da hankalinta. Amma ba ta gaji ba, kowace safiya sai ta zauna a bakin gado ta maimaita mata, gidanki ne Inna, gidanki ne.

A rana ta goma sha ɗaya, Auta tana shafa mata mai a ƙafa, Inna ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, sannan ta juyo ta kira ta da sunanta na gaskiya, ta ce, "Da gaske namu ne?"

"Wallahi namu ne, Inna."

Inna ta saki ƙunshin a hankali ya gangaro kan katifa. Ta ce, "To kwance kayan. Allah Ya yi miki albarka, 'yata... ki yafe mini, ni na hana ki magana."

Auta ta kifa kai a ƙafafunta tana kuka. Wata biyu Inna ta ƙara a duniya, kuma a ɗakinta ta cika, ba wanda ya ce ta tashi.