Taku Ɗari da Arba'in

"A lambun nan ba a taɓa binne ko ɗan tsako ba," in ji mai lambu. "Albarkar ƙasa ce kawai, da ilimin noma." Ya faɗa a gidan rediyo, ya kuma sa an buga a jikin kwalayen lemonsa: Daga Ƙasa Mai Tsabta.

Ba wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa layin lemo na bakwai ya fi sauran kore, ko abin da ke hana leburori zama a inuwarsa.

Akwai wani saurayi, ma'aikacin ofishin adana tarihi. An ba shi aikin zana taswirar asibitocin tanti da sojoji suka kafa a yaƙin da ya ƙare shekara hamsin baya. A wani tsohon littafin jinya ya karanta: "Waɗanda suka cika, taku ɗari da arba'in gabas da rijiya." Ya nemo rijiyar a gefen lambun nan, ya fara ƙirga taku. A na ƙarshe ya ɗaga kai, sai ga budurwa riƙe da kwandon lemo.

"Malam, hanya ka ɓata ko hankali?"

"Duka biyun, yanzun nan."

'Yar mai lambu ce. Ta raɗa masa Ɗan Taku, shi kuma yana ce mata Zumata. Kafin wata biyu saƙonni sun cika waya.

"Ɗan Taku, ka ci abinci, ko kana can kana hira da matattu?"

"Zumata, matattun sun fi ki saurin ba da amsa."

Amsar kuwa sun bayar. A gindin layi na bakwai ya tono kwalaben magani, da turakun tanti, da maɓallan kaki cike da tafin hannu. Tun daga ranar, in iska ta kaɗa ganyen, sai ya ji kamar ana tari a jere.

Mai lambu ya kira shi.

"Ɗana, mai kamfanin lemon kwalba yana neman 'yar nan, kuma bai taɓa tono mini komai ba. In ɗigon da ke nuna wurin nan ya hau taswira, gwamnati za ta kewaye lambuna da waya, ba mai ƙara shan lemona. Ka zaɓa, ɗigo ko 'yata."

Kwana uku bai amsa saƙonta ba.

"Shiru ko? Na gane. Takarda ta fi ni."

Ba takarda ba ce. Wata tsohuwa ce da ke zuwa ofishinsu kowace Talata da hoton mijinta, soja. An rubuto mata cewa ya cika a asibitin tanti, ba a ce mata ina ba. Dutse ɗaya take so ta kafa da sunansa kafin ta bi shi.

Ranar Talata ya gaya mata komai, kansa a ƙasa.

"Tana sonka, jikana?"

"Tana so, Kaka."

"Ni wata huɗu na samu da nawa." Ta shafa hoton da babban yatsa. "Bar ɗigon. Ka dai kai ni in tsaya a wurin sau ɗaya."

A taswirar da aka buga, gaban sunan asibitin an rubuta: Ba a tantance ba. Iyalan masu sauran maɓallan ba a nemi ra'ayinsu ba.

"Zumata, na zaɓa."

"Ɗan Taku, na yi ta kuka. Sai ka gaya mini wa ya rasa."

Ya gaya mata labarin tsohuwar.

A lambun aka yi walimar aurensu. Mai lambu ya karɓi lasifika, ya maimaita maganar ɗan tsako, aka tafa. Amarya da kanta ta riƙo hannun tsohuwar zuwa layi na bakwai. Tsohuwar ta cire takalma, ta zauna a ƙasa duk da kujerar da aka kawo mata. Amarya ta tsinko lemo ɗaya ta ba ta, ta karɓa da hannu biyu, ba ta ɓare ba.

"Allah ya bar ku tare har ku gaji da juna," ta ce. "Allah ya ba ku masu sanin inda kuka kwanta."

Suka ce amin.

Ta sa lemon a jaka kusa da hoton, ta kakkaɓe zanenta, ta fita ta ƙofar baya don kada ta katse wa mai lambu jawabi.