Shuɗin Tsaunina

"Wa ya taɓa min tsaunina?"

Malam mai zane bai ɗago ba. Ya ci gaba da wanke burushi kamar ba da shi nake ba.

Na sake duban ƙyallen zanen da na bari jiya a jingine da bango. Ƙololuwar tsaunin da na sha wahala a kanta ta goge, fentin ya ja dogon layi har cikin gajimare.

"Ƙila iska ce ta kaɗa labule," ya ce.

"Tagar a rufe take, Malam."

"To ko mage..."

"Mage mai tsayin kafaɗar mutum?"

Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "'Yar rigimata, zauna mana. Fentin mai ba ya saurin bushewa, yanzu zan gyara miki."

Da wannan muryar ya sace ni tun farko. Shi ya riƙe hannuna ya koya min cewa tsaunin da ke nesa ba a yi masa launi mai ƙarfi, sai a sassauta shi har ya kusa narkewa cikin sama. Ni kuwa kullum sai na zarce da ja a cikin shuɗina, ya koma kamar shunayya. Yakan ce duk duniya ba mai haɗa wannan shuɗin sai ni.

Saboda shi na yi ta kuka a gaban Baba. Yayata ce ta kai ƙarata, ita ce ta ce mai wasa da fenti ba mijin aure ba ne. Baba ya ce in har da gaske yake, ya zo gida a gan shi.

"Yaushe za ka je wurin Baba?" na tambaye shi.

"Ki ƙara min lokaci, zuciyata..."

"Ka kalle ni ka faɗa."

Ya ɗauki wuƙar fenti ya fara kankare ƙololuwar, idonsa na kan ƙyallen. Na ɗauki jakata na fita.

Ina shiga gida na ji ƙarar ruwa a bayan kicin. Yaya ce durƙushe gaban baho, tana ta cuɗa farin gyalenta, kumfa har gwiwar hannu. Da ta gan ni sai ta danna shi cikin ruwa.

Amma na riga na gani.

Shuɗi mai ja a ciki, daidai inda gyale ke sauka a kafaɗa.

"Yaya... me kika je yi ɗakin zanensa?"

"Na je ne in ja masa kunne a kanki."

"Har kika jingina da bango?"

Ta ci gaba da cuɗa gyalen a cikin kumfar.

"Tun yaushe?"

"Ƙanwata, wallahi ban shirya ba. Na je don in raba ku, sai..." Hawaye ya zubo mata. "Ya ce zai zo wurin Baba neman aurena. Amma ba zai iya ba sai ke kin fara cewa kin haƙura."

Ashe lokacin da yake nema ke nan.

Na shiga kicin, na ɗauko kwalbar kananzir, na ajiye a gefen bahon.

"Sabulu ba ya fitar da shi, Yaya. Ki goga wannan kafin Baba ya dawo."