Wayoyi Huɗu na Motar Baba

A Gagarawa Tasha akwai wata yarinya 'yar aji biyar. An san ta da tsafta da son tsari. Ko takalman baƙi ta gani a warwatse, sai ta jera su.

Mahaifinta, Malam Sha'aibu, direba ne. Yana da tsohuwar mota Fijo. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, saboda haka Uwata yake kiranta.

Wata Asabar likitocin ido suka zo Gumel. Yini ɗaya za su yi, kuma da azahar za su rufe karɓar mutane. Kakar yarinyar ta shekara biyu ba ta gani sosai. Tun da safe ta yi shiri, ta zauna a ƙofar gida tana jiran a kai ta.

Malam Sha'aibu ya buɗe gaban mota. Hular distiributa ta tsage, ya sayo sabuwa.

"Baba, mene ne aikinta?" in ji yarinyar.

"Ita ke raba wa fulogi wuta, Uwata. Matsa ki ba ni haske."

Ya riƙa cire waya ɗaya daga tsohuwar hula yana sa wa sabuwa, har ya gama huɗun. Ya ce ta tattara kayan aiki, ya shiga gida wanke hannu.

Yarinyar ta leƙa. Ta ga wayoyin sun hau kan juna. Abin bai yi mata kyau ba. Ta ce a ranta sauri ne ya sa Baba ya harɗe su. Ta cire su duka, ta jera su reras, babu wadda ta taɓa wata.

Malam Sha'aibu ya fito, ya rufe gaban mota bai duba ba. Aka shigar da Kaka. Ya murɗa makulli.

Motar ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Kaji suka watse. Kaka ta dafe ƙirji tana salati. Dogo mai faci ya yar da tayar da ke hannunsa, ya rugo.

Yarinyar ta ja da baya.

"Sha'aibu, kashe mu za ka yi?" in ji Kaka.

"Inna, shekara ashirin ina tare da motar nan. Ba ta taɓa yi mini haka ba."

"Duba wayoyinka," in ji Dogo.

"Da hannuna na sa su, ɗaya bayan ɗaya. Hular ce ba ta da kyau. Ara mini babur in je Gumel in canzo."

"Kafin ka je ka dawo ka ɗaura, ai azahar ta yi," in ji Dogo.

Kaka ta ce, "To, Allah bai nufa ba. Ku fitar da ni."

Yarinyar ta ga tsohuwar tana lalube tana neman marfin ƙofa. Sai hawaye suka zubo mata.

"Baba, ni ce. Na ga sun harɗe, na gyara su."

Malam Sha'aibu ya juyo.

"Kika gyara?"

"E, Baba."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

Dogo ya riƙe baki. Malam Sha'aibu ya buɗe gaban mota, ya juya inji da sifana har ya gano gurbin fulogi na farko, ya mayar da kowace waya gurbinta. Sannan ya kira ta.

"Zo ki gani. Na ɗaya, na uku, na huɗu, na biyu. Haka wuta ke bi. Harɗewar da kika gani, ita ce daidai."

Ya murɗa makulli. Motar ta tashi lafiya lau.

Sun isa Gumel saura kaɗan a rufe. Likita ya duba Kaka, aka yi mata aiki a ranar, aka rufe idon da auduga. Da aka cire audugar bayan kwana biyu, ta dubi jikarta ta ce, "Takwara, ashe haka kika yi tsawo? Zo nan, bakanikiya."

Kowa ya yi dariya, har da yarinyar.

Yara, ku riƙe wannan. Abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.