Shirun Zagaye na Takwas

"Fulvio! Masoyina, ka ji? Har yanzu ba wanda ya iya buga ƙwallonka! Ko mutum ɗaya!"

Da iya ƙarfinta Nunzia ta faɗa, tana riƙe da wayar shingen da ke bayan rumfar 'yan wasa, fuskarta cike da dariya.

Filin besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, na garin Nettuno a Italiya ya yi tsit.

Wani tsoho ya cire hularsa ya maka da ƙasa. Mai sayar da soyayyen kifi ya tsaya baki sake. Fulvio kuwa, da ke zaune shi kaɗai can ƙarshen benci, ya ɗago a hankali ya yi mata wani irin kallo da bai taɓa yi mata ba.

"Me... me na yi?" ta tambaya.



Duk ɗan Nettuno tun bai iya ɗaure takalmi ba ya san wannan. Idan mai jifan ƙwallo irin Fulvio ya doshi ƙarshen wasa abokan hamayya ba su samu bugu ko ɗaya a kansa ba, to ba a faɗa. Ba a zama kusa da shi, ba a yi masa magana, ko mai horarwa sai dai ya bi ta gefe. Wanda duk ya furta, shi ya karya. Camfi ne, na yarda, amma je ka gaya wa ɗan garin nan haka ka ga inda za ku kwashe.

Nunzia ba 'yar garin ba ce. Daga wani ƙauye na kan duwatsun Kalabriya ta zo taya Zia Rosalba, ƙanwar mahaifinta, aikin gidan burodi. A nan Fulvio ya ganta da gari har a gira, ya dinga sayen burodin da ya fi ƙarfin cikinsa har ta amince da shi. Yau ce ranar farko da mahaifiyarsa, Sinyora Clelia, ta yarda Nunzia ta zauna a layin kujerunsu a fili.

Kusa da ita kuwa Dalila ce, 'yar mai horarwa, wadda Sinyora Clelia ta daɗe da zaɓa wa ɗanta.

"Dalila, me ya sa suka ware shi? Faɗa suka yi?" Nunzia ta tambaye ta ɗazu, a zagaye na takwas.

Dalila ta langaɓar da kai. "Allah sarki... hassada ce kawai ta maza. Ki duba allo, ba wanda ya samu bugu a kansa. Da ni ce budurwarsa, da tuni na je na gaya masa ya ji sanyi."

Shi ke nan ta tashi da gudu, baiwar Allah.

Fulvio ya hau tudun jifa a zagaye na tara, na ƙarshe, saura masu bugu uku ya fitar. Ya fitar da na farko. Ya fitar da na biyu. Na ukun, wani siririn yaro da rabonsa da bugun kirki tun farkon bazara, ya kai sanda, ƙwallo ta tsallake kan mai tsaron tsakiya ta faɗi a ciyawa.

Sun ci wasan, amma ba wanda ya tafa.

A bakin ƙofa Sinyora Clelia ta tare ta, idanunta jajur.

"Ubansa ma da yana jifa, mutum ɗaya ya rage masa ya gama wasa ba bugu, har ya koma ga Allah yana zancen. Yau ɗansa ya zo daidai wurin, kin sa baki!"

"Sinyora, wallahi ban sani ba... Dalila ce ta ce..."

"Ni?" Dalila ta dafe ƙirji. "Ni da aka haifa a filin nan? Haba Nunzia, ki ji tsoron Allah mana!"

"Tun ranar da na ganki na san farar ƙafa gare ki," in ji Sinyora Clelia. "Ki fita harkar ɗana."

Washegari da hantsi Fulvio ya zo gidan burodi. Nunzia ta kwana kuka, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Zuciyata, daina kukan nan. Ba laifinki ba ne. Ni na saki ƙwallon ta yi sama."

"Ka yarda Dalila ce ta tura ni?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙila ba ki fahimce ta ba ne..."

"Fulvio!"

"To, ya wuce. Abu ɗaya kawai nake roƙo." Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. "Ki ɗan daina zuwa fili. Har mutane su huce."

Ta ce to. Don tana sonsa, ta ce to.

Sai dai abin bai tsaya a nan ba. Ranar wasa ya daina biyowa ta layin gidan burodin. Ta kira, ba ya ɗauka sai an tashi. Wata rana ta ƙulla masa burodi mai zaitun, irin wanda yake so, ta kai masa kafin su tafi wasa Bolonya. Ya karɓa yana murmushi, ya sumbaci goshinta. Da motar ta tashi, da idonta ta ga ya miƙa wa direba ƙunshin.

Nan ta gane. Bakinsa ne ya ce ba laifinta, zuciyarsa tana tare da mutanen garinsu.

"Zia, gida zan koma," ta ce tana haɗa kaya.

"Kan ƙwallo? Ke ma dai! Mutanen nan fa in kaza ta ratsa fili aka cinye su, sai sun kai ta kotu. Ki yi haƙuri, zai dawo hankalinsa."

"Tsorona yake ji, Zia. Ya zan zauna da mutumin da ke tsorona?"

Zia Rosalba ta rungume ta.

Bayan ta koma ƙauyensu, Fulvio ya kira, ya kira, ya yi rantsuwa zai zo. Amma kullum akwai wasa a gaba.

Wata Lahadi, ƙarshen kakar wasa, Nunzia na tsinke tumatir a tsakar gidansu da waya jingine a jikin kwando. Ta sha rantsewa ta daina kallon wasan Fulvio, ba ta taɓa cikawa ba. A zagaye na shida ta lura da allon, ba wanda ya samu bugu a kansa. A na bakwai ta ga an bar shi shi kaɗai a ƙarshen benci.

"Nunzia, wai me kike..." mahaifiyarta ta fara.

Ta ɗora yatsa a baki, tana roƙonta da ido.

Haka ta zauna, ko tari ba ta yi ba. Ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Da na ƙarshe ya kai sanda ya sami iska, 'yan wasa suka yi kan Fulvio suka danne shi, sai ta kifa kai a kan kwando ta fashe da kuka. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata. Ta san abin da Nettuno za ta ce: mai farar ƙafa ta tafi, sa'a ta dawo.

Cikin satin sai ga shi a ƙofar gidansu, ya sha ƙurar hanya, hannunsa riƙe da ƙwallo.

"Taki ce, hasken idona. Ƙwallon ƙarshe." Murna ta hana shi tsayuwa wuri ɗaya. "Mamma ta sauko! Ta ce tunda abin ya warware, ba ta da ja. Dalila ma ta amsa laifinta a gaban babanta. Ki zo mu koma, a sa rana!"

Ta karɓi ƙwallon. Akwai jar ƙasar tudun a jikinta. Ta daɗe tana juya ta, zuciyarta na cewa ki rungume shi kawai, ki bar zancen.

"Na kalla, Fulvio. Ban ce uffan ba har aka gama."

"Na sani ke ta dabam ce!"

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi mini ƙarya. Da ka hau tudu a zagaye na tara... ka waiwaya wajen shingen nan?"

Murmushinsa ya ragu. "Na waiwaya."

"Da ba ka gan ni ba, me ka ji?"

Ya kawar da kai. Fulvio bai iya ƙarya ba, yana cikin abin da ya sa ta so shi.

"Nunzia, ki gane... a lokacin..."

"Hankalinka ne ya kwanta."

Hawaye suka cika masa ido. Bai musa ba.

"Da na ƙarshen ya buga fa? Da yau kana nan?"

"Ina sonki, wallahi ina sonki!"

"Na sani," ta ce a hankali. "Amma gobe za a cinye ku, jibi hannunka zai yi ciwo, wata rana yaronmu zai yi zazzaɓi. Duk ranar da abu ya lalace, ni za ka waiwayo ka kalla. Ba zan iya ba, masoyina."

Ta kamo hannunsa na jifa, ta sa masa ƙwallon, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Kai wa Sinyora. Ita ta daɗe tana jira."

"Nunzia, ki ce wani abu mana... Nunzia!"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, hawaye na sauka har wuyan rigarta. A Nettuno ta koyi cewa idan kana son mutum ya gama lafiya, shiru ake yi masa.

Ba ta ƙara cewa komai ba, ta tura ƙofar.