Nonon Marigayiya Hajara

La'asar sakaliya ce, hadari ya taso daga gabas ya lulluɓe kan dutsen Kwatarkwashi, geron da ke gindinsa sai rausaya yake. Muzdalifa na tsaye a zauren kakarta tana wasa da bakin mayafi. Duk damina takan zo hutu daga Gusau, amma zuwan bana daban ne. Lawali, ɗan maƙwabtansu, ya ce da an yi girbi zai turo magabatansa.

"'Yar birni," in ji shi, "jiya na ga hawan dutsenki, kamar mai taka ƙwai."

"To ɗan ƙauye, wa ya aike ka kallona?"

"Zuciyata, sanyin idona..."

Ba ta kai ga ba shi amsa ba sai ga Gwaggo Lami, ƙanwar kakarta, ta leƙo. Ranar ta iso daga Tsafe, an daɗe ba a gan ta ba.

"Wanga ba Lawalin marigayiya Hajara ba ne? Allah sarki! Shigo ciki mana, mi kake yi a zaure kamar baƙo? Ai gidan ƙanwarka ne!"

Kaka Binta ta ɗago daga bakin murhu tana dariya. "Wace ƙanwa, Lami? Aurenta za shi yi."

Fara'ar Gwaggo ta ɗauke.

"Aure? Yaya... lokacin da kunka kai uwar yarinyar ga asibiti Gusau, wa kunka bar ma jinjira? Ni ce. Ta ƙi koko, ta ƙi madara, kuka har muryarta ta dishe. Na ɗauke ta na kai ma Hajara, tana goyon ƙanen wanga yaro. Ta sha ta ƙoshi, kuma ba rana ɗaya ba."

"Shi ne ba ki taɓa faɗi ba?!"

"Taimako ne, Yaya. Ana shelar taimako?"

Muzdalifa ta dafa bango. Tun tana Islamiyya ta san hukuncin: wanda kuka sha nonon uwa ɗaya ɗan'uwanka ne, babu aure har abada.

"Gwaggo, don Allah ki tuna da kyau," in ji Lawali. "Ko wata jinjira ce?"

"Ɗana, da ƙarya na da amfani, da yau na yi maka ita."

Washegari aka je wurin liman. Ya saurara, ya kira wata tsohuwa da ta shaida abin, sannan ya sunkuyar da kai ya ce su yi haƙuri.

Muzdalifa ba ta ƙarasa hutun ba. Kwana biyu tana kwance, ko furar kaka ta kasa sha. Dutsen da take so ta fita kallo bayan ruwa, yanzu ko ɗaga ido ba ta yi gare shi.

Safiyar tafiyarta ana yayyafi. Lawali ya biyo ta daga baya-baya. Dab da bakin titi taɓo ya riƙe mata silifa, igiyar ta fizge.

Ya durƙusa, ya zaro silifar, ya goge ta a jikin rigarsa. Ya tsinci 'yar waya a ƙasa, ya soke igiyar, ya lanƙwasa bakin don kada ya soki ƙafarta, ya ajiye a gabanta.

Ta zura ƙafa, hawaye na haɗuwa da ruwan sama a fuskarta. Ta shiga motar Gusau ba ta waiwayo ba.