Kaza Ta Taka, Amarya Ba Ta Taka Ba

Ranar da aka kai Khairunnisa gidan Malam Kabo maɗori a Sandamu, bayan babur ya kayar da ita ƙaurinta ya karye, Badaru ne ya shigo da kaza a hammata. Ɗan Malam ne, ɗalibin jami'a da ya zo hutu. Al'adar gidan ke nan, a karya ƙafar kaza a ɗora tare da ta majinyaci. Ran da kaza ta taka, ran nan mutum zai taka.

"Sannu da jiki," ya ce, kansa a ƙasa. "Ga abokiyar zama."

Duk da azabar da take sha, sai da ta murmusa.

Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, taga kamar tafin hannu. Zailani, wanda ya shekara yana zuwa zance wurinta, da ya ji an ce ƙila ta yi ɗingishi, ko sannu bai aiko ba. Ka ji maza. Badaru kuwa kullum la'asar yana bakin ƙofa, mahaifiyarta na ciki tana ɓarar gyaɗa.

"Abin da kike kira gwiwar kaza, idon sawu ne," ya ce. "Bisa yatsu take tafiya, kamar dinoso, manyan dabbobin nan da ake tono ƙasusuwansu a hamadar Nijar. Danginta ne."

"Ashe da 'yar manya nake kwana," ta ce. Daga nan ta san ta kamu.

Mako uku kaza ta taka. Mahaifinta Alhaji Amadu ya zo da mota, ya ce ta tashi. Ba abin da take so a duniya irin ta fita ɗakin nan da ƙafarta.

Badaru ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri. Ƙashin tsuntsu ya fi na mutum saurin haɗewa. In ta taka yau, ƙafar za ta karkace."

"Ka fi ubanka sani ne? Tsare mini 'ya kake so ka yi a gidanku. Na ga take-takenka, kuma ko kai kaɗai ka rage ba zan ba ka ita ba."

Ta ce jiri take ji, aka ɗauke ta cak zuwa mota. Kafin su isa gida Daura saƙon Badaru ya shigo wayarta: "Sanyin idona, ko an raba mu kar ki taka. Gara in rasa ki da ki rasa ƙafarki."

Ta mayar tana hawaye: "Ɗan bokona, na gaji da zama kamar in fasa ihu. Amma ka ce kar in taka, ba zan taka ba."

Kwana goma ana lallashi, ana faɗa, ta kafe a gado. Alhaji ya kai ta asibiti don ya ƙaryata yaron. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce, "Alhaji, da saura. Da ta taka, da yanzu wani zancen ake yi."

Washegari Alhaji da kansa ya tafi Sandamu neman Badaru.

Bayan girbi aka ɗaura aurenta da Badaru. Da za a kai amarya, ta ce a tsayar da motar can bakin layi, da ƙafarta za ta je. Alhaji na zaure yana kallon ƙafafunta, taku bayan taku, sambal, ba ko gargada. Ya sa hannun riga ya goge ido.

"Je ki, Khairu," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ke da shi."