Sawun Bakin Ƙofar Inna

Duk wanda ya ce maka ba ya ɓata a tsohon birnin Fas, to ko dai ƙarya yake yi, ko kuma a ciki aka binne cibiyarsa. Mu 'yan gari ba ma neman hanya, ƙafa ce ke kai mu. Baƙi kuwa, 'yan yawon buɗe ido masu malafa da taswira, ɓatan ma yana cikin abin da ya kawo su. Su ɓata, su faɗo rumfar wani, a ba su shayi, su fita da kayan da ba su yi niyyar saye ba. Da wannan muke ci.

Sunana Allal, takalman fata nake sayarwa a wani lungu da ke bayan babban layin kasuwa. Rumfar da ke jikin tawa ta Tuhami ce, shi ma takalma. Abokina ne tun muna yara, kuma mijin ƙanwata Kenza. Ni na fara kai shi gidanmu, ni na tsaya masa har aka ba shi ita. Kowace Juma'a shi da ita da 'yarsu Gita a gidan Innarmu suke cin kuskus, kuma Inna gabansa take tura tsokar da ta fi kyau.

Muna da al'ada a kasuwarmu. In ka yi cinikin farko da safe, mai saye na biyu ba naka ba ne. Sai ka ce masa, “Ni na riga na buɗe, leƙa wurin maƙwabcina.” Shekara da shekaru ina faɗa wa baƙi wannan magana ina nuna rumfar Tuhami, kuma ban taɓa jin ciwonta ba. Ashe shi kunya take ba shi.

“Allal, har yaushe za mu zauna muna jiran wanda ya ɓace?” ya ce min wata rana. “Dubi na bakin layi, motoci suke saye. Mu kuwa sai jakuna ke leƙo mu.”

“To ka ɗinka wa jakunan takalma mana, ƙafa huɗu-huɗu gare su, ciniki biyu ke nan.”

Na yi dariyata, shi bai yi ba.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji, bayan komai ya lalace. A bayan majema, inda warin fata ke korar baƙi, akwai wani boka da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da rana tsaka Tuhami ya je, amma ciki duhu ne, sai wata fitila mai hayaƙi. Rufin ɗakin cike da tsofaffin takalma a rataye, kowanne ƙafa ɗaya, babu mai ɗan'uwa. Akwai na manya, akwai na jarirai. A ƙasa faifan tagulla ne cike da yashi, an zana layuka a kai sun harɗe da juna. Tuhami ya duba da kyau, sai ya ga lungunan Fas ne kaf. Bokan na zaune ya miƙe ƙafafu, tafinsu sumul kamar na jinjiri, ba alamar sun taɓa taka ƙasa.

“Kuɗi kake so, ɗan kasuwa?”

“Masu saye nake so, ranka ya daɗe. Kuɗin ni na san yadda zan raba su da shi.”

“To hanya kake so ke nan.” Ya ɗauki wani ƙashi ya ja layi a yashin, duk sauran layukan suka karkato wuri guda. “Zan juyo maka da lungunan garin nan, duk baƙon da ya ɓata ƙofarka zai tsaya. Amma ni ba na ƙirƙirar hanya. In na ba baƙo, daga hannun mai ita na karɓo.”

“Me zan kawo? Rago? Zinariya?”

“Me zan yi da rago? Ƙurar bakin ƙofa za ka sharo min, da sawun da ke kanta.”

Tuhami ba wawa ba ne, ya gane inda maganar ta dosa. Sai ya tambaya, ba wai ko akwai wata mafita ba, a'a. Cewa ya yi, “Dole sai ƙofar gidana?”

Bokan ya yi murmushi. “Kowace ƙofa, in dai ana buɗe maka ita da farin ciki.”

A makon ne na tafi ƙauye sayen fata. Da zan tafi na dafa kafaɗarsa na ce, “Ga amanar Inna nan.” Ya ce, “Haba, ai uwata ce.” Ranar Juma'a suka ci kuskus, suka sha shayi. Da za su tafi ya bar matarsa da 'yarsa suka yi gaba, ya karɓi tsintsiya a hannun Inna.

“Inna, ki huta, yau ni zan share miki.”

Inna ta yi ta sa masa albarka, har ta ba maƙwabta labarin irin surukin da Allah ya ba ta. Shi kuwa ya ƙulle ƙurar a ƙyalle ya kai wa boka. Lissafinsa shi ne ni da tsohuwa, da muke zaune a gidan, mu za mu biya, gidansa ya tsira. Abin da ya manta, Inna kullum da safe take share ƙofarta ta yayyafa ruwa. Sawuna ya tafi tun ranar da na bar gari. Sawun da ke wurin na waɗanda suka taka ƙofar ranar ne, wato Inna, da Kenza, da Gita, da shi kansa.

Ko da na dawo ban gane lungunmu ba. Baƙi maƙil, Turawa da Sinawa da Larabawan Gabas, kowa na juya taswira yana mamakin yadda aka yi ya iso nan. 'Yan jagora suna rantsuwa babban layi suka nufa da mutanensu. Duk rumfar Tuhami suke shiga, su wuce tawa kamar bango ce. Ya sayi rumfunan da ke ɗaya gefensa, ya sa madubai da kujerun ƙawa. Ni kuwa, don wauta, murna nake taya shi. In na yi sa'ar cinikin safe har yanzu ina cewa, “Leƙa wurin maƙwabcina.” Shi bai turo min kowa ba ko sau ɗaya, na ce hidima ce ta yi masa yawa.

Inna ce ta fara. Matar da aka haifa a gidan nan, ta yi aure a cikinsa, ta tsufa a cikinsa, ta kai ƙullun burodi gidan da ake gasa shi a bakin lungu, ta kasa dawowa. Wata maƙwabciya ta riƙo hannunta har ƙofa, Inna ta dubi ƙofar ta ce, “Wannan gidan wane ne?” Muka ce tsufa ne. Na shiga kulle gida in zan fita. Rannan mai kawo ruwa ya bar ƙofa a buɗe. Muka neme ta ko'ina, masallatai da gidajen wanka da asibiti. A wani lungu da ba ya ɓullewa muka same ta, bayan bangon ɗakinta, tana zaune ta jingina da shi, rai ya yi halinsa. Tafin ƙafarta duk ya fashe don tafiya.

Tuhami ya ɗauki makara tare da ni. Ya yi kuka har ni nake ba shi haƙuri.

Ba a yi sadakar arba'in ba Gita ta tashi daga makaranta, ba ta iso gida ba. Mutane suna cewa sun gan ta da jakar littattafanta tana sauri, yau a wajen maƙera, gobe a wajen marina, amma duk wanda ya bi ta sai ta sha kwana ta ɓace. Har yau ba mu same ta ba. Kenza ta fita nemanta, ita ma aka tsinto ta tana zagaye wuri guda. Na kawo ta gidan Inna. A ɗakin da aka haife ta take zaune, kuma duk wanda ya shigo sai ta kama rigarsa.

“Yaya, don Allah kai ni gida. Yarinyar nan za ta dawo ta tarar ba kowa.”

Wata safiya na zo buɗe rumfa na tarar da Tuhami a ƙofar tasa, rigarsa duk ƙura, ido jajir. Ya ce kwana da kwanaki ke nan yana neman gidansa, kowane lungu ya bi sai ya dawo da shi nan. Ya nemi ɗakin bokan ma, hanya ta ƙi. A nan ya zube ya faɗa min komai, har da tsintsiyar.

“Ban yi zaton zai taɓa su Kenza ba, wallahi ban yi zato ba!”

Na tsaya ina kallonsa. “Wato da Inna ce kaɗai da ni, da ba ka zo kana kuka ba?”

Bai musa ba. Da ya musa ma, da na samu abin riƙewa.

“Allal, ɗan'uwana, riƙe hannuna ka kai ni gida. Ko ƙofar in gani.”

“Wane gidan? Wanda ka share, ko naka da ka so ka tsirar da wayo?”

Na buɗe rumfata na zauna. Ban dake shi ba, ban kai shi ƙara ba. Wane alƙali ne zai saurari shari'ar ƙura?

Dukiyar ta watse, don mai ita ba ya cikin hayyacinsa. Ma'aikata suka kwashe kayan, aka rufe rumfunan. Amma baƙi ba su daina zuwa ba, har yau lungunan suna turo su, su tsaya gaban rufaffiyar ƙofa suna juya taswira. Shi kuma yana nan a tsakiyarsu ba takalmi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, haifaffen Fas yana roƙon baƙon da ya sauka jiya ya nuna masa hanyar gida. Su a zatonsu irin masu tare baƙi ne don su ja su rumfa. Sai su ɗaga hannu su ce sun gode, su ƙara sauri.

Don haka kai mai ganin kasuwar maƙwabcinka ta fi taka, ka kiyayi duk wanda zai ce maka zai juyo maka da arziki ba da guminka ba. Ba daga aljihunsa zai biya ba, kuma ba kai za ka zaɓi wanda za a ɗauka ba, ko da ka ɗauka ka zaɓa. Ni ban yafe wa Tuhami ba, ba zan ɓoye muku ba. Kullum da yamma nakan rufe rumfa in wuce shi yana kiran sunana, in tafi gida, ƙafata ta kai ni ba tare da na duba ba. Ina tura ƙofa Kenza za ta taso ta kama rigata, ta tambaye ni ko yau zan kai ta gida.